Abin da Barkono Ya Koya wa Masana Magunguna

Idan yajin tsire ya yi yawa, baki kan kama da wuta, gumi ya karyo, hanci ya fara zuba. Amma a duba harshen, babu inda ya ƙone. Aikin wani sinadari ne mai suna kafsaisin, wanda barkono da attarugu ke tarawa a farin naman nan na ciki da 'ya'yan ke manne da shi.

Masana sun daɗe da sanin cewa yana tsokano jijiyoyin da ke kai saƙon raɗaɗi ƙwaƙwalwa, sai dai ba su san ta inda yake kama su ba. David Julius na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko a Amurka ne ya bi sawu da abokan aikinsa. Sun ɗebo miliyoyin gutsattsarin ƙwayoyin gado daga jijiyoyin ɓeraye, suna dasawa rukuni-rukuni cikin ƙwayoyin halittar da ba ruwansu da yaji, sannan su ɗiga musu kafsaisin su ga wadda za ta motsa. A 1997 suka gano wata 'yar ƙofa a jikin jijiya, wadda yanzu ake kira TRPV1. Ashe ƙofar ce dai ke buɗewa idan zafi ya haura digiri 43 a ma'aunin Salshiyos, shi ya sa ƙwaƙwalwa ke ɗaukar yaji a matsayin ƙuna. Wannan aiki ya kai Julius ga lambar yabo ta Nobel a 2021, tare da Ardem Patapoutian.

Tsuntsaye kuwa tasu ƙofar ba ta jin kafsaisin. Su cinye barkono hankali kwance, su yaɗa irinsa a kashinsu.

Wani abin mamakin shi ne, idan sinadarin ya daɗe a kan jijiya sai ta gaji ta yi shiru. Da wannan aka haɗa filastar Qutenza mai kafsaisin kashi 8 cikin ɗari, wadda ta samu izini a 2009. A asibiti ake manna ta a tafin ƙafar mai ciwon suga da raɗaɗin jijiya ya addaba, minti 30 kacal, sauƙin kuma kan kai wata uku.

Yunƙurin toshe ƙofar gaba ɗaya da ƙwayar sha ne ya ci karo da cikas. A gwaje-gwajen farko zafin jikin wasu da suka sha ya hau, wasu kuma suka rage jin zafin ruwa mai ƙuna, dole aka dakatar da da yawa daga cikin magungunan.