Amsoshin Wasiƙunku: Me Ya Sa Likita Ke Ɗibar Ruwa a Gadon Baya?

Wasiƙu biyu muka samu a kan magana guda, ɗaya daga wani manomi a Gwandu, ɗaya daga wata 'yar kasuwa a Kalgo. Suna tambaya ne ko gaskiya ne allurar da ake yi wa mai sanƙarau a gadon baya tana shanye ƙafafu, ko ma ta ƙarasa majinyaci. To, malam da hajiya, ku ba ni aron kunnuwanku.

Allah cikin ikonSa Ya kewaye ƙwaƙwalwa da lakar da ke cikin ƙashin baya da wani ruwa garai-garai. Aikinsa shi ne ya tare ƙwaƙwalwa kada ta riƙa buguwa da ƙoƙon kai, ya kuma kwashe dattin da take fitarwa. A jikin baligi bai kai rabin kwalbar lemo ba, amma kullum jiki na ƙera kusan rabin lita, wato kamar ledar ruwa guda, sabo na shiga tsoho na komawa cikin jini. Likita kuwa cokalin shayi ɗaya ko biyu yake ɗiba. Kafin gari ya waye jiki ya mayar da abinsa.

Batun shanyewa fa? Laka tana ƙarewa ne sama da ƙugu, likita kuma ƙasa da nan yake soka allurar. Abin da akan samu shi ne ciwon kai na 'yan kwanaki, wanda kwanciya ke sauƙaƙawa. Tun 1891 wani likitan Jamus mai suna Quincke ya fito da wannan dabara.

Amfaninta babba ne. Zazzaɓi mai zafi da suma da taune-taune, sanƙarau na kawo su, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai ma na kawo su, alhali maganinsu daban. Ruwan nan shi ke raba gardama. Idan sanƙarau ne yakan fito a gurɓace kamar ruwan wankin shinkafa, sukarin cikinsa ya ragu, a madubin awo kuma a ga ƙwayar cutar, har a san irin rigakafin da za a kawo wa gari.

Abin da ke faruwa shi ne, sai an gama jiƙe-jiƙe da hayaƙi kwana uku, sannan a kai yaro asibiti ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa. In ya cika, sai a ɗora wa allura laifi.

Mun san ɓarnar wannan ciwo. A 1996 ya kashe mutum fiye da 11,000 a ƙasar nan. A watan Maris na 2025 gwamnatin Kebbi ta ba da sanarwar rasuwar mutum 26 a Gwandu da Jega da Aliero.

Saboda haka daga hunturu zuwa bazara, in kun ga zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, ko maɗigar jariri ta kumbura, ku nufi asibiti a ranar. In likita ya nemi izinin ɗibar ruwan baya, maigida ka amince. A rage cunkoso a ɗakin kwana, a buɗe tagogi, in masu rigakafi sun zo a fito da yara.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Sai mun ji daga gare ku.