TSUNTSUWAR DA BA TA GINA SHEƘA, AMMA BA TA MANTA TA WANI

Daga Wakilinmu

An daɗe ana cewa namiji ya fi mace gane hanya da riƙe wuri a kai, ko a cikin mutane ko a cikin dabbobi. To, akwai wata tsuntsuwa a Amurka ta Arewa wadda ta sa masana suka sake duba wannan magana.

Turawa suna kiran wannan tsuntsu kaubad, watau tsuntsun shanu, saboda yana bin garke yana cin ƙwarin da dabbobi suka tayar. Bai kai kurciya girma ba. Namijin baƙi ne mai kai ruwan ƙasa, macen kuwa toka-toka ce. Abin mamaki game da ita shi ne ba ta gina sheƙa, ba ta kwanci, ba ta kuma ciyar da 'ya'ya. Sai ta saci jiki ta saka ƙwanta a sheƙar wata tsuntsuwa, ta bar mata wahalar reno. An sami ƙwanta a sheƙunan tsuntsaye fiye da iri 200, kuma a kaka guda tana iya yin ƙwai har 40.

Aikin Da Ke Kanta

Mai karatu zai zaci wannan rayuwar hutu ce, amma akwai aiki ja a cikinta. Dole macen ta yini tana leƙen masu gini, ta san wadda ta gama, da wadda ta fara ƙwai, da wadda ta riga ta kwanta. In ta makara, 'ya'yan mai gida za su riga ɗanta ƙyanƙyashewa su danne shi. In ta yi gaggawa, mai gida tana iya gudu ta bar sheƙar. Har ila yau da asuba take zuwa, kafin rana ta fito, ta saka ƙwan cikin 'yan daƙiƙoƙi ta tashi. Ke nan wajibi ne tun jiya ta riƙe wurin a ka. Namijin kuwa ba ruwansa da wannan nema.

A shekarar 1993 David Sherry, masani daga Kanada, da abokan aikinsa suka auna wani sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfas, wanda shi ke taimakon dabba ta tuna wurare. Suka tarar na macen kaubad ya fi na namijin girma. Da suka auna wasu danginsa iri biyu masu renon 'ya'yansu da kansu, ba su ga wannan bambanci ba.

A 1996 aka ƙara samun hujja daga ƙasar Ajantina. Juan Carlos Reboreda da abokansa sun gwada dangin kaubad na can. A irin da mace kaɗai ke neman sheƙa, sashen nan nata ya fi girma. A wani irin kuma, inda miji da mata ke fita nema tare, girman ya zo ɗaya.

Gwajin Kofuna

Girman sashe dai ba shi ne iya aiki ba, don haka aka shirya jarrabawa. A Jami'ar Western da ke Ontariyo, Mélanie Guigueno ta jera kofuna 25 a cikin ɗaki, ta zuba abinci a ɗaya kawai. Tsuntsu zai gano kofin, sa'an nan a fitar da shi, a komo da shi bayan awa 24. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna matan sun fi mazan ƙarancin kuskure, sun kuma fi su bin miƙaƙƙiyar hanya zuwa kofin.

Amma fa labarin bai ƙare nan ba. A 2015 masanan nan suka buga wani gwajin, inda tsuntsu ke tsaye gaban ƙaramin allon kwamfuta yana sarar wurin da alama ta bayyana. A wannan karo mazan ne suka yi gaba. Ashe fifikon macen yana fitowa ne a inda aikin ya yi kama da nata na daji, watau kewaya fili da tuna inda abu yake.

Namu Na Gida

Mu ma muna da irin waɗannan tsuntsaye. Zalaiɗu mai dogon wutsiya da danginsa duka a sheƙar wasu suke ƙwai. A duwatsun Jos akwai wani ɗan baƙin tsuntsu daga wannan dangi, wanda ke ɗora renon 'ya'yansa a kan wani jan tsuntsu da masanin nan Robert Payne ya fara bayyana wa duniyar ilmi a 1998.

Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Su waɗannan baƙaƙen kukan gidan riƙo suke yi. Namiji yana koyon waƙar tsuntsun da ya rene shi, in ya girma ya riƙa rera ta. Mace ba ta rerawa, amma tana riƙe waƙar a ka. Da ita take zaɓen miji, kuma sheƙar masu wannan waƙa take nema ranar da za ta yi ƙwai. Payne da abokansa sun tabbatar da haka a wani gwaji da aka buga a shekarar 2000. Sun ba wani baƙon tsuntsu renon ƙwan, matan da suka tashi a hannunsa kuwa suka fi son maza masu waƙarsa, suka kuma saka ƙwai a sheƙarsa.

Abin da ɗalibi zai ɗauka a nan shi ne, a cikin tsuntsayen nan ba kasancewa namiji ko mace ke kawo kaifin tunawa ba. Aikin da ya hau kan kowane shi ne ya tsara abin da zai koya da abin da zai riƙe, tsara bayan tsara. Saboda haka duk wanda ya ce wancan jinsi ya fi wannan basira, ya kamata a tambaye shi: a wane aiki, kuma da wane ma'auni?