Gaskiyar lamari kan na'urorin da ake cewa suna rage wa mota shan mai

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur, lissafin masu motoci a Najeriya ya sauya. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce Naira 1,000 a garuruwa da dama. Ma'aikata da yawa sun jingine motocinsu sun koma hawan haya, 'yan kasuwa kuma suka shiga ƙididdige kowace fita.

A cikin wannan matsi ne kasuwar wasu ƙananan na'urori ta buɗe. Ana tallata su a Facebook da TikTok da shagunan kayan gyaran mota, tare da alƙawarin cewa za su rage shan mai da kashi 20 ko 30 cikin 100, wani lokaci ma fiye. Ga mai albashin da rabinsa ke ƙarewa a gidan mai, irin wannan magana tana da daɗin ji. Sai dai waɗannan kayayyaki ba baƙi ba ne a duniya, an shafe shekaru kusan hamsin ana gwada su, kuma sakamakon a bayyane yake.

Ire-iren na'urorin

Mafi shahara shi ne maganaɗisun da ake maƙala wa tiyon mai, wanda ake cewa yana jera ƙwayoyin fetur domin su ƙone da kyau. Akwai wani ƙarfe mai fukafukai da ake cusawa a bututun da iska ke bi zuwa inji, wai yana murɗa iskar ta gauraya da mai sosai. Akwai ɗan akwatin da ake sokawa a mahaɗar OBD2 da ke ƙarƙashin sitiyari, inda makanikai ke jona kwamfutar gano matsala, ana cewa yana sake tsara ƙwaƙwalwar mota. Wani kuma a ramin cajin waya ake soka shi, da sunan daidaita wutar mota. Sai ƙwayoyi da ruwan magani da ake zubawa a tanki, da kuma kwalbar HHO, wadda ke amfani da wutar batir wajen fasa ruwa ya koma iskar haidirojin da oksijin, a tura su cikin inji.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

A Amurka, inda matsalar ƙarancin mai ta shekarun 1970 ta haifar da irin wannan kasuwa, Hukumar Kare Muhalli ta ƙasar, EPA, ta gwada ko ta tantance na'urori fiye da 100. Ba ta samu ko guda da ta rage shan mai ta yadda za a ce a-zo-a-gani ba. 'Yan ƙalilan da suka nuna ɗan amfani, yawancinsu masu kashe esi ne a lokacin da direba ya taka totur, ko masu kunna fitila don jan hankalinsa idan yana tuƙin ganganci. Wasu kuwa ƙara hayaƙi mai guba suka yi.

Hukumomi da kotuna ma sun sha shiga lamarin. A 2006, Hukumar Kula da Cinikayya ta Amurka, FTC, ta sa masu tallan wani maganaɗisu mai suna FuelMAX biyan kimanin Dala miliyan 4 saboda iƙirarin da ba su da hujja a kansa. A wannan shekarar kuma, hukumomin Jihar Texas suka taka wa kamfanin BioPerformance birki, bayan bincike ya nuna cewa ƙwayar da yake sayarwa a jefa a tanki, mafi yawan abin da ke cikinta sinadarin da ake yin kafur ne, irin wanda ake sa wa cikin akwatin tufafi.

Shi kuwa ɗan akwatin OBD2, a 2017 masu bincike a kamfanin Quarkslab na Faransa sun farke wani samfurinsa mai suna Nitro OBD2. Sun tarar ba ya aika wa ƙwaƙwalwar motar saƙo ko ɗaya. Aikinsa kawai shi ne ƙyafta fitilu, don mai saye ya ɗauka wani abu na gudana.

Tatsuniyar motar da ba ta shan mai ta ma girmi waɗannan. A shekarun 1930 wani ɗan Kanada, Charles Nelson Pogue, ya yi rajistar kabureta da aka yayata cewa za ta kai mota mil 200 da galan ɗaya, amma ba ta taɓa shiga kasuwa ba. A 1996 wata kotu a Jihar Ohio ta samu Stanley Meyer, wanda ya ce ya ƙera motar da ke tafiya da ruwa, da laifin zamba, ta umarce shi ya mayar wa mutum biyu da suka zuba jari Dala 25,000.

Dalilin da ya sa ba sa aiki

Duk tallan ya ginu ne a kan zato guda: cewa inji ba ya ƙone mai sosai, wani kaso mai yawa yana fita ta salansa a banza. A lafiyayyen injin zamani, abin da ke fita bai ƙone ba 'yan kaso ne ƙalilan cikin 100. Saboda haka ko da wata na'ura ta iya kyautata ƙonuwar, babu inda za ta samo kashi 30 da za ta ceto.

Asarar gaskiya a wani wuri take. Alƙaluman Ma'aikatar Makamashi ta Amurka sun nuna cewa kashi 12 zuwa 30 kacal na ƙarfin da ke cikin fetur ne ke tafiyar da mota a kan titi. Kusan kashi biyu bisa uku yana salwanta ne a matsayin zafi, ta salansa da lagireto. Wannan ɗabi'a ce ta duk injin da ke ƙona mai, kuma babu wani abin da za a maƙala wa tiyo ya sauya ta.

Haka kuma motar da ke da injekta ba ta barin kowa ya yi mata katsalandan cikin sauƙi. Ƙwaƙwalwarta tana riƙe ma'auni na kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur, tana kuma sauraron sensar oksijin da ke jikin salansa tana gyara ma'aunin a kowane lokaci. In wata na'ura ta ƙaro iska, sai ƙwaƙwalwar ta ƙara mai. In kuma aka yaudari sensar har man ya yi ƙaranci, inji zai ɗauki zafi, ya rage ƙarfi, har ya iya lalata bawul da fistin.

Maganaɗisu ba shi da wani tasiri a kan fetur, domin fetur ba ƙarfe ba ne. Ƙarfen da ke murɗa iska kuwa tare hanya yake yi, alhali masu ƙera injin sun riga sun tsara yadda iskar za ta juya a cikin silinda, kuma idan ɓangarensa ya ɓalle, cikin inji zai faɗa. Kwalbar HHO ita ce ta fi kama da kimiyya, amma lissafinta ba ya fita: wutar da ke fasa ruwan daga altaneta take zuwa, inji ne ke juya altanetar, fetur ne kuma ke juya injin. Ƙarfin da ake samu idan iskar ta ƙone bai taɓa kai wanda aka kashe wajen samar da ita ba.

Akwai kuma hujja mai sauƙi da duk ɗan kasuwa zai gane. Kamfanoni irin su Toyota da Honda da Volkswagen suna kashe maƙudan kuɗaɗe duk shekara don rage shan mai da kashi ɗaya ko biyu, saboda gasa da kuma tarar da gwamnatocin Turai ke ɗora wa motoci masu shan mai. Da a ce ɗan ƙarfe na 'yan dubban nairori zai ba su kashi 30, da tun daga masana'anta za su sa shi.

To me ya sa wasu ke rantsuwa sun ga canji?

Ba lallai ne ƙarya suke yi ba. Mutumin da ya kashe kuɗi ya sa na'ura yakan shiga lura da tuƙinsa ba tare da ya ankara ba: ya sassauta ƙafa a kan totur, ya rage gudu, ya rage kunna esi. Ragin da ya gani na gaske ne, amma ƙafarsa ce ta kawo shi. Wani lokaci kuma a ranar da aka sa na'urar aka canja fulogi aka yi juye, sai yabon ya tafi ga wanda bai yi aikin ba.

Gejin mai ma ba abin dogaro ba ne, domin allurar takan daɗe a sama sannan ta sauko da sauri. Ga bambancin hanya, da cunkoso, da nauyin kaya, da kuma gidajen man da litarsu ba ta cika.

Hanyar tantancewa ɗaya ce. A cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, a rubuta lambar kilomita, a yi zirga-zirgar da aka saba, sannan a koma famfo guda a sake cikawa. A raba kilomitar da aka yi da litar da ta shiga. Misali, kilomita 360 da lita 40 na nufin kilomita 9 a kowace lita. Sai an maimaita haka sau uku kafin a sa na'ura da sau uku bayan an sa, sannan a iya yanke hukunci.

Abin da ke rage shan mai da gaske

Babbar na'urar rage shan mai ita ce ƙafar direba. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa fizgar mota da taka birki da ƙarfi na iya rage nisan da lita ke kaiwa da kashi 15 zuwa 30 a babbar hanya, da kashi 10 zuwa 40 a cunkoson cikin gari. Da zarar gudu ya wuce kimanin kilomita 80 a sa'a, shan mai yakan ƙaru da sauri. Barin inji a kunne mota na tsaye yana cin lita ɗaya zuwa biyu a sa'a, esi kuma a tsananin zafi yana iya cin fiye da kashi 25, musamman a gajeriyar tafiya.

Daidaita iskar taya na iya ceto har kashi 3, kuma adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba. Amfani da baƙin mai mai kaurin da kamfani ya ƙayyade yana ba da kashi 1 zuwa 2. Kowane kilo 45 na kayan da aka manta a but yana cin kimanin kashi 1, lodi a kan kariya kuwa ya fi haka ci a doguwar tafiya.

A nan gida akwai wasu al'adu na gareji da ke jawo asara fiye da duk abin da wata na'ura ta yi alƙawarin cetowa. Da yawa daga motocin da ake shigowa da su na hannu, da isowarsu ake cire musu tamostat a jona fanka kai-tsaye, da hujjar cewa na ƙasar sanyi ne. Injin da ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ƙwaƙwalwarsa takan ci gaba da ba shi mai fiye da ƙima. Haka nan fitilar gargaɗin inji da ake bari a kunne wata da watanni, sau da yawa sensar oksijin ce ta mutu, kuma gyara ta kaɗai na iya kyautata shan mai har da kashi 40 a motar da matsalar ta yi tsanani. Ruwan wanke injekta na gaskiya yakan taimaka idan injektar ta yi datti, amma iyakarsa ya maido da motar yadda take a da.

Batun iskar gas ta CNG

Mayar da mota mai amfani da CNG, wanda Gwamnatin Tarayya ta kafa wa shiri na musamman a 2023, daban yake da waɗannan na'urori. Ba ya rage ƙarfin da inji ke buƙata, yana dai sauya fetur da makamashi mai rahusa, kuma a nan ne sauƙin yake. Yana da nasa sharuɗɗan: kuɗin juyawa, da cin wuri a but, da ƙarancin tashoshin cikawa a garuruwa da yawa. Uwa uba tukunyar dole ta kasance ta ainihi, a kuma ɗaura ta a cibiyar da aka amince da ita. Fashewar da aka samu a wata tashar gas a Benin cikin Oktoban 2024, hukumomi sun danganta ta da tukunyar da aka haɗa da walda.

Wanda aka yi wa tallan wata na'ura, yana da haƙƙin ya nemi sakamakon gwajin wata hukuma mai zaman kanta, da shaidar Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, da kuma rubutaccen alƙawarin maido da kuɗi. Wanda kuma ya riga ya saya ya ga an yaudare shi, yana iya kai ƙorafi ga Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye, FCCPC. Hausawa na cewa garin neman gira akan rasa ido. Kuɗin da za a ba mai maganaɗisu, gara a kai su wurin mai faci ya auna iskar taya, a sa makanike ya maido da tamostat, a kuma jona kwamfuta a ji abin da fitilar nan ta daɗe tana faɗa.