Kafin Ka Sayi Moton Sarbo, Auna Hannun Injin

Duk wanda ya saba shiga Bompai ko Sharada ya san irin injinan da rufewar masaƙu da sauran masana'antu ta bari. Wasu an sayar da su a kilo, wasu sun faɗa hannun masu ƙananan wokshop. Cikinsu akwai injin milin mai sassaƙa ƙarfe, irin ƙirar Bridgeport da aka fara yi a Amurka a 1938, ko kwaikwayonta na Taiwan. Gangar jikinsa ba ta san tsufa ba. Mai gajiya shi ne mutumin da ke tsaye yana murɗa hannaye uku, ga mai kamfanin roba yana jiran mol ɗinsa, ga injiniyan majema a Challawa yana jiran ƙarfe guda da ya tsayar masa da aiki.

Shi ya sa matasan injiniyoyi ke son miƙa ragamar irin wannan inji ga kwamfuta, abin da ake kira CNC. A cire hannayen, a ɗaura moton sarbo a gurbin kowanne, manhaja irin LinuxCNC ko Mach3 ta riƙa ba da umarni. Sarbo ba kamar moton injin niƙa ba ne, yana da enkoda a ƙeyarsa wadda ke sanar da akwatin da ke tuƙa shi daidai inda ya tsaya. Tambayar da kowa ke fara yi ita ce, "Wat nawa zan saya?" A ganina an yi riga malam masallaci.

Aikin moton shi ne murɗa dogon sukurun da ke jan teburi, don haka ƙarfin murɗawa ake fara nema, kuma aunawa ba ta buƙatar kayan tsada. Samo sikelin rataye irin na auna buhu. Ɗora bais da ƙarfe mafi nauyi da kake aiki da shi, ka maƙala ƙugiyar sikelin a mariƙin hannu, ka ja a gicciye sannu a hankali har teburin ya motsa. In ya nuna kilo 2.5, kuma daga tsakiyar hannu zuwa mariƙi santimita 8 ne, ka samu kusan Nm 2. Gwada a tsakiyar teburi, ka sake gwadawa a can ƙarshe. Tsohon inji tsakiyarsa ce ke cinyewa, ƙarshensa ya yi tsauri, to adadi mafi girma shi za ka riƙe. Ka kuma maimaita lokacin da wuƙa ke cikin ƙarfe tana yanka.

Sai batun sukurun kansa. Na asali a Bridgeport milimita 5.08 yake tafiya a kowane zagaye, amma gogayya na cinye fiye da rabin ƙarfin da aka ba shi, ga kuma sako-sako tsakaninsa da notinsa. Gwanin ma'aikaci ya san yadda yake yi da wannan a hannunsa. Kwamfuta ba ta sani ba, sai ta yanka maka da'ira mai kusurwa. Don haka ake canza shi da sukuru mai boris a cikin noti, wanda ke isar da kusan kashi 90 cikin 100. Duba bambancin: don tura teburi da ƙarfin da ya kai nauyin buhun siminti 4, tsohon sukuru zai nemi kusan Nm 5, mai boris na milimita 5 kuwa Nm 1.8 ya ishe shi.

Yanzu ne wat ke da amfani. Sarbo mai wat 400 da ke zagaye 3,000 a minti yana ba da Nm 1.27, mai wat 750 kuma Nm 2.39. A takardarsu za ka ga wani adadi da ya ninka wannan sau uku. Kada ya ruɗe ka, na 'yan daƙiƙoƙi ne, lokacin tashi da tsayawa. In ka sa bel da fuli yadda moto zai zagaya sau biyu kafin sukuru ya yi ɗaya, ƙarfi ya ninka, gudu ya ragu da rabi, amma har yanzu teburin zai iya mita 7.5 a minti. Tsohon inji me zai yi da fiye da haka?

Bel na da wani amfani da ba a cika kula da shi ba. Abu mai nauyi yana ƙin tashi, in ya tashi kuma yana ƙin tsayawa. Abin mamaki, sukuru mai kaurin milimita 25 da tsawon mita 1 ya fi teburi mai kilo 150 wannan taurin kai kusan sau uku. In ya rinjayi moto, sai ka ji inji na gurnani yana rawa, fuskar aiki ta fito da zane-zane. Bel ɗin nan yana rage wa moto wannan kaya zuwa kashi ɗaya cikin huɗu.

Inda Kano ta sha bamban shi ne hawa da sauka. Gwiwar injin, wadda ke ɗauke da teburi dungurungum, tsohon sukurunta yana riƙe ta ko ba wuta. Mai boris ba ya riƙewa. Ana ɗauke wuta, kafin janareta ya kama, gwiwa ta zame ƙasa da aikin da ke kanta. Moton da za a sa a nan lallai ya zo da birkinsa, irin wanda sifirin ke damƙewa da zarar wuta ta yanke. Akwatin tuƙi kuma yana son sitabilaiza, da fanka mai matatar iska, saboda ƙurar hunturu da zafin Afrilu da kan haura digiri 40.

Ga inji mai girman Bridgeport, wat 750 da bel ya wadatar wa tafiyar hagu da dama da ta gaba da baya. Wat 400 ma zai iya, in sikelinka ya yarda. Na gwiwa kuwa, kada ka biya kuɗinsa sai ka ga wayar birki da idonka.