Makullin pon na motar daji: yadda yake aiki da yadda ake ɗaura shi

Kwaltar da ta taso daga Birnin Ƙonni ta ratsa Madawa zuwa Maraɗi ba ta kai ga yawancin garuruwan Adar. Mai ɗaukar albasa daga fadamun Tamaske, ko mai kai ƴan kasuwa ƙauyukan Buza, tilas ya hau dutse ya gangara ƙorama. Aikin raya karkara na Keita, wanda Italiya da hukumar FAO suka fara tallafa wa a 1984, ya yi madatsun ruwa da hanyoyin karkara, amma damina ba ta daina zaizaye mashigai ba. A irin waɗannan wurare ne za ka ga Hilux ko Land Cruiser mai jan gaba da baya ta kafe, taya ɗaya na ta watsa yashi, ƴar'uwarta kuwa tana zaune kan ƙasa mai ƙarfi ko motsi ba ta yi.

Ba injin ba ne ya gaza. Dalilin yana cikin tulun ƙarfen nan da ke tsakiyar ƙafafun baya, wato pon. A cikinsa akwai ƙananan giyoyi da ke barin tayar waje ta fi ta ciki gudu idan an sha kwana, tun da hanyarta ta fi tsawo. Sai dai ƙarfin da suke ba tayoyin biyu daidai wa daida ne, kuma ba ya wuce abin da tayar da ta fi rashin riƙo za ta iya ɗauka. Idan ɗaya ta faɗa taɓo ko ta tashi sama a kan dutse, riƙonta ya zama kusan babu, don haka ita ma ɗayar abin da ke isa gare ta kusan babu.

Makulli mai sarrafa kansa shi ke toshe wannan kafa. Faranti ne masu haƙora da ƙananan sifirin, suna maye gurbin giyoyin nan. Da direba ya taka totur, sai ƙarfin injin ya danne haƙoran su cije, tayoyin biyu su juya tare. A kwana kuma tayar waje takan zame daga cizon ta yi gaba, tana ƙas-ƙas-ƙas, ta ciki ta ci gaba da tura motar. Ƙa'idarsa ke nan: taya na iya fin pon gudu, amma ba ta iya kasa shi. Fasahar ta daɗe, domin wanda ake kira Detroit Locker a Amurka ya samo asali tun shekarun 1940. Shi ana canza gidan giyoyin ne gaba ɗaya. Irin su Lock-Right da Aussie Locker kuwa cikin tsohon gidan ake zura su, shi ya sa suka fi araha da sauƙin ɗaurawa. Akwai kuma na kamfanin ARB na Ostareliya, mai aiki da iska, wanda sai direba ya danna maɓalli. Yana da kyau ƙwarai, amma yana buƙatar famfo da tiyo da waya, ga ƙurar Adar.

Aikin yana farawa ne kafin a saya. A tabbatar da irin pon ɗin da ke ƙarƙashin motar, domin motocin gwanjo da yawa an taɓa canza musu shi. A ƙirga haƙoran bakin sandar taya. A Hilux da Land Cruiser galibi 30 ne, amma ƙirgawa ta fi zato. A kuma duba ko pon ɗin na gama-gari ne, saboda ƙaramin makulli irin su Lock-Right ba ya shiga gidan da aka ƙera da farantan rage santsi.

Daga nan bakanike zai ɗaga motar a kan turaku masu ƙarfi, ya tsiyaye mai, ya cire tayoyi, ya ja sandunan waje, ya kwance farfela, sannan ya zaro kan pon ɗin ya kai shi bisa tebur mai tsabta. A nan ne nake roƙon a yi haƙuri. Kafin a kwance murafan boris, a yi musu alama, kowane ya koma mazauninsa. Sau da yawa sai an cire babbar giya kafin sandar tsakiya da ke riƙe ƙananan giyoyin ta fita. A fitar da ƙananan giyoyin, a duba gidan da sandar: in sun ci, makulli ba zai cije daidai ba, gara a canza su yanzu. Bayan an jera faranti da sifirin, a auna tazarar da ke tsakaninsu da ma'auni, a gwada da abin da takardar kamfani ta faɗa. Tazarar in ta yi yawa haƙora za su riƙa zamewa, in ta yi kaɗan ba za su saki ba a kwana. Haka ma wasan da ke tsakanin babbar giya da ƙaramar da ke juya ta, a mayar da shi yadda aka same shi. Sai a haɗa komai, a zuba man giya mai lambar GL-5.

Gwaji mutum biyu ke yin shi, mota na ɗage kuma a cikin giya. Ɗaya ya tura tayarsa gaba ya riƙe gam, ɗayan ya juya tasa baya: ya kamata ta saki tana ƙas-ƙas. In ya juya ta gaba kuwa, ta cije. Su sauya ɓangare, su sauya fuska.

A ganina a baya kawai ya kamata a sa shi. A gaba yana taurara sitiyari, kuma motar da ƙafafunta huɗu ke ja kullum ba a sa mata shi a gaba sam. Ko a bayan ma sai direba ya sake hannu. A kan kwalta ya sassauta totur a tsakiyar kwana, in ba haka ba motar za ta nemi miƙewa, taya ta yi ƙara, wani lokaci a ji wani gwaram daga ƙasa. A gefen tudu mai santsi, idan tayoyin biyu suka kwashe tare, bayan motar kan zame zuwa gangare. Sannan duk ƙarfin injin na iya taruwa a sanda guda, wadda za ta iya karyewa in an labta buhunan albasa fiye da kima aka kuma fizgi mota.

Abin da ya fi damuna shi ne taya. Mun saba haɗa sabuwa da tsohuwa, ko masu girma dabam-dabam. Pon na gama-gari yana jure wannan, makulli ba ya jurewa: zai yi ta cizo da saki har haƙoransa su ƙare. Tayoyin baya su zama iri ɗaya, cinsu ɗaya, iskarsu ɗaya.

Makulli ba ya ƙara wa mota nauyin da zai hana ruwa ɗaukar ta, don haka ƙoramar Majiya in tana gudu, a jira ta sauka. In kuma an ratsa ruwan da ya kai pon, a kwance notin mai a duba, domin pon mai zafi yakan zuƙi ruwa ta ƴar kafar numfashinsa. Man da ya koma fari-fari a zubar da shi a ranar, a sa sabo.