Kalmomi Huɗu Da Ya Kamata Baƙo Ya Sani Kafin Ya Shiga Kotu

Jama'a, yawancinmu mazauna Sabon Ibadan, Agege da Shagamu mun taso ne da sanin shari'ar alƙali. To, kotun Majistare da Babbar Kotu na nan Kudu tafiyarsu dabam ce, kuma sau da yawa harshen mutum ne ke kayar da shi, ba rashin gaskiya ba.

Ta farko ita ce da'awa, watau abin da mai ƙara ya ce yana bi. Idan mai goro ya ce yana bin ka kuɗin huhu goma, shi ne zai kawo hujja, kamar yadda sashe na 131 na Dokar Shaida ta 2011 ya tanada.

Ta biyu musu. In sammaci ya zo, kada ka jefa shi ƙarƙashin tabarma. Wanda ya ƙi zuwa ana iya yanke hukunci a bayansa, kuma a Babbar Kotu abin da ba ka musa a takardar kariyarka ba, ana ɗauka ka yarda da shi.

Ta uku iƙirari, kuma nan ne ramin yake. A ce an ba ka ajiya, ɓarayi suka sace, aka tuhume ka da cinyewa. Aka karanta maka tuhuma da Turanci, ka ce "E, haka ne", kana nufin ka karɓi ajiyar, alhali kotu ta rubuta ka amsa laifi. Saboda haka kada ka ce uffan sai ka gane. Sashe na 36 na Tsarin Mulki na 1999 ya ba wanda ake tuhuma da laifi tafinta kyauta. Ka nema, ba roƙo ba ne.

Ta huɗu rantsuwa. A gaban alƙalin gida, in mai ƙara ya rasa shaidu, wanda ake ƙara yakan rantse ya kuɓuta. A nan kuwa rantsuwa ba ta kashe magana, ƙofar ba da shaida ce kurum, bayanta lauya zai yi maka tambayoyi. Haka kuma takardar rantsuwa, wadda ake kira afidabit: duk abin da ke cikinta maganarka ce, ƙarya a ciki kuwa shaidar zur ce mai kai mutum gidan yari. Kada ka dangwala yatsa sai an karanta maka da Hausa.

Allah Ya raba mu da sharrin baki, amin.