Yadda Jami'a Ke Neman Kuɗin Horar da Masu Binciken Lafiya

Akwai tallafin bincike da malami ke nema da sunansa, akwai kuma wanda jami'a ce kaɗai ke iya nema. Wannan na biyun kuɗin renon masu bincike ne: ɗaliban digiri na biyu da na uku, da ɗakunan gwaji, da malaman da za su duba aikinsu.

Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna ta samu irinsa a ƙarƙashin shirin ACE Impact na Bankin Duniya. A 2019 ta kafa cibiyar ACEMFS, wadda ke nazarin gubar da fumfuna ke haifarwa a abinci. Zaɓin wannan fanni ya dace ƙwarai, domin gubar aflatoksin da ke ɓuya a gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba tana jawo ciwon dajin hanta, ga shi kuwa Neja, inda Minna take, jihar manoma ce.

To, me masu tantance takardun neman irin wannan tallafi ke dubawa? Matsala guda bayyananniya, da ƙwararrun da suka riga suka wallafa bincike a kanta, da tsarin karatu, da abokan hulɗa daga waje, sai amincewar shugaban jami'a a rubuce. A shirin ACE Impact, kuɗin ma ba a zuba su gaba ɗaya ba. An riƙa sakinsu ne gwargwadon abin da aka cimma, kamar yawan ɗaliban da aka ɗauka, musamman mata da 'yan ƙasashen maƙwabta.

Sashen da ke da wannan buri ya fara tattara tarihin aikin malamansa tun yanzu, kafin sanarwar neman tallafi ta fito.